Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tattakin Landan

Makon jiya na tsaya a inda takardar mafakata ta fito. Ba a daɗe da hakan ba mutumin da nake kira Yaya, wani Bakano da ya riga ni zuwa Ingila, ya buga mini waya.

"Ƙanena, ranar Asabar za mu fita tattaki. Ka shirya."

Na ce, "Yaya, ka rufa mini asiri. Idan hotona ya kai wayar Hajiya fa?"

Mahaifiyata nake nufi. Ya ce in sa hula da takunkumi, shi zai tsaya kusa da ni.

Asabar ɗin ita ce 2 ga Yuli, 2022, shekara 50 bayan tattakin Pride na farko a Landan, wanda aka yi a 1972. Pride shi ne tattakin da masu neman jinsi ke yi don nuna alfahari da kansu. Mun taru kusa da Hyde Park Corner tare da wata ƙaramar ƙungiya ta masu neman mafaka daga Afirka, akwai 'yan Yuganda da 'yan Kamaru da 'yan Gana. A sahun gaba aka sa wasu dattijan da suka yi tattakin 1972, gashinsu duk ya yi fari. Lokacin da suka fara fita, shekara 5 kacal ke nan da dokar 1967 ta daina hukunta maza masu neman juna a Ingila, ita ma da sharuɗɗa. Sai a Maris ɗin 2014 aka ɗaura auren jinsi na farko a ƙasar.

Wannan shekara ta 2014 ba ta fita daga raina. A watan Janairunta Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta yanke ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga duk wanda ya shiga ƙungiyar masu harka, wato masu neman jinsi, ko ya mara mata baya. A watan ne kuma aka kama mutane a Bauchi, jama'a suka yi ta jifan kotun shari'ar da aka gurfanar da su. Ina gida a lokacin. Na goge lambobin abokaina daga waya, na daina zuwa inda muke zama hira bayan isha'i.

Da muka shigo Piccadilly ƙafafuna rawa suke yi. Tutocin bakan gizo ko'ina, kiɗa, guɗa, jama'a maƙil a gefen titi. Ni kuwa wayoyi kawai nake gani, ɗaruruwa, duk a ɗage. Hoto ɗaya ya isa ya shiga WhatsApp na dangi kafin la'asar. Babu wanda zai taɓa ni a Landan, amma Hajiya ce za ta shiga gidan biki a yi shiru, ƙannena mata ne za a fasa aurensu. Sai na ƙara jan takunkumina sama.

Wata dattijuwa Baturiya ta miƙo hannu ta saman shinge ta riƙe nawa. A kwalin da ke hannunta ta rubuta cewa tana alfahari da ɗanta. Hawaye suka jiƙa takunkumin. Yaya bai ce komai ba, ya dafa kafaɗata muka ci gaba.

Masu cewa baƙon abu muka koyo daga Turawa, ina roƙonsu su tuna da 'yan daudun da suka tashi suka gani suna soya kaji a tasha da bakin kasuwa. Tun kafin mu san inda Landan take muna nan. Ni sallata nake yi, azumina nake yi, kuma abin da nake nema bai wuce in kwana ba tare da fargabar bugun ƙofa ba. A 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, cewa ba za a ce wa mai neman mafaka ya koma ƙasarsa ya ɓoye kansa ba. Hukuncin nan ne ya ba ni damar zama. Ga shi duk da haka na ratsa Dandalin Trafalgar har Whitehall fuskata a rufe, kuma ban ga laifin kaina ba, don rufin asirin mahaifiyata yana wuyana.

Da dare Hajiya ta kira, ta ce muryata ta dishe, ko mura nake yi. Na ce, "A'a Hajiya, ihu na yi a wajen wani taro." Ta sa mini albarka. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda ƙanwata ta gane ni a wani bidiyo, da saƙon da ta turo mini.