Wai ni ke rubuta talla ko Abuja ce ke rubuta min?

Jiya da daddare Hajiya ta kira ni, wata kwastomata ce da muka fi shekara biyar muna tare, ita tana saida atamfa da leshi da mayafai, ni kuma ina riƙe mata shafukanta na Instagram da Facebook, in ɗauki hoto in rubuta 'yan kalamai masu daɗi, in da ɗan canji mu saka sponsa, wato mu biya a yaɗa tallar. Ko gaisawa bamu gama ba tace "ɗana, wai me ke faruwa ne, mutane sai nawa ne nawa ne, da an faɗa musu sai shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko hotunan naka ne suka daina kyau?" Nace Hajiya hoto lafiyarsa ƙalau, aljihu ne ba lafiya. Tayi dariya tace to ai kai ne ɗan boko, sai ka gyara mana aljihun.

Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Lokacin da na fara wannan sana'ar ni irin mutanen nan ne masu cewa ba ruwana da siyasa, kowa ya hau shi ya sani, ni dai in samu na tuwo. Na zauna na kalli darussan talla na turawa a YouTube har data ta ta ƙare, ka san kwastomanka, ka san lokacin da yake buɗe waya, ka san launin da ke jan ido, duk gaskiya ne ban musa ba. Amma wanda yake koyarwar yana zaune ne a ƙasar da kuɗinsu na jiya shi ne na yau, wuta bata ɗaukewa, kuma ba'a taɓa wayar gari minista ya fito yace an rufe kasuwar da kake baje kolinka ba. Mu kuwa an yi mana. A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani rubutu na shugaban ƙasa, ba'a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai kenan da 'yan kwanaki. Akwai wani yaro da nake taimakawa lokacin, takalma yake saidawa kuma kusan duk cinikinsa a can ne, sai gashi yana fama da VPN, manhajar nan da ke ɓoye ƙasar da kake don ya samu shiga, wayarsa tana nuna wai yana Holan, kwastomomin kuma rabi sun watse. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, matan Gusau da ke yiwa Hajiya oda duk wata sai kawai muka daina jin ɗuriyarsu. To wane darasi ne zai koya maka wannan?

Amma abin da ya buɗe min ido sosai shi ne canjin kuɗi. Tun 2012 babban banki ke ta fama da mutane a rage yawo da tsabar kuɗi, bankuna sun kashe maƙudan kuɗi a rediyo da talabijin da allunan kan titi suna roƙon a riƙa transfa, dattawan kasuwa suna cewa su kuɗin da basu ƙirga da hannunsu ba basu yarda kuɗi bane. Shekara goma ana abu ɗaya. Sai ga Emefiele, gwamnan babban bankin na lokacin, a watan Oktoban 2022 ya sanar za'a sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairun 2023, tsohon kuɗi an kwashe sabon kuma babu, ga zaɓe ranar 25 ga wata. Kowa ya san abin da ya gani. Ni da kaina na tsaya a layin mai POS tun bayan azahar har la'asar, ƙarshe na biya dubu ɗaya don a bani dubu biyar ɗina, ina godiya ma kamar kyauta aka min. Cikin sati uku mai shayi da mai kayan miya da mai faci kowa ya yagi kwali ya rubuta lambar akawun ya rataye, dattijon nan da yake rantsuwa bazai taɓa ba shi ne yake ce maka "bari in ga alat tukuna". Abin da talla ta kasa a shekara goma wahala ta yi shi kafin wata ya zagayo, kuma su OPay da Moniepoint da PalmPay da netwok ɗinsu ke tafiya lokacin da na wasu ke ta juyawa, su suka kwashi garaɓasar. Haka ma aka yi a Indiya a Nuwamban 2016 da Modi ya soke takardun rupi 500 da 1000 dare ɗaya, kamfanin Paytm na biyan kuɗi ta waya har cikakken shafin jarida ya saya ya sa hoton firaministan yana taya shi murna, ka ji masu sanin inda iska ta dosa.

A cikin wannan hargitsin ne na rubuta tallar da ta fi kowacce ciniki a duk rayuwata, kuma abin kunya ba wata fasaha a ciki. Hoton atamfa ɗaya ne ko haske bai isa ba, a ƙasa na rubuta "muna karɓar transfa, muna karɓar tsohon kuɗi". Shikenan. Waya ta dinga ruri har dare. Hajiya tayi kasada ne kawai, sai kuma Allah ya taimaketa, gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris kotun ƙoli tace a ci gaba da karɓar tsohon kuɗin. Ka ga wannan tallar ai ba ni na rubuta ta ba, babban banki ne ya rubuta, ni dai na danna ne kurum.

Sai 29 ga Mayun 2023, ranar rantsuwa, Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle yace tallafin mai ya tafi. Litar da bata kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin kwana biyu uku, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A watan Yuni aka saki naira, dalar gwamnati da take wajen 460 ta tsallake 700, farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Ga juyin mulkin Nijar a Yuli an rufe boda, mutanen Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari sun tsaya. Ni abin da na gani a wajen aikina shi ne farashi ya daina kwana. In saka hoto ranar Litinin da kuɗinsa a jiki, Laraba Hajiya ta kira tace maza ka goge an ƙara, wata kuma ta riga ta yi sikirinshot zata zo tana cewa mun yaudareta. Da muka gaji sai muka daina rubuta farashi kwata-kwata, muka koma "a zo inbok", kuma ba mu kaɗai ba kusan kowa haka ya koma. To kun ga asalin nawa ne nawa ne ɗin da Hajiya ke kuka da shi, mu muka jawo, mace zata tambaya da zuciya ɗaya a faɗa mata kuɗin da ya kusa rabin albashin mijinta, mafi ƙarancin albashin ma da aka ɗaga zuwa dubu 70 a Yulin 2024 ba kowa ke ganinsa ba, me zata ce? Kunya ce ke sa ta yi shiru, ba raini ba.

Manyan kamfanoni ma basu tsira ba, GSK masu magunguna sun tattara a 2023, P&G masu Pampers suka ce sun daina sarrafa kaya a nan sai dai su shigo da shi, waɗanda suka rage kuma sai ƙanƙance leda suke, kuɗin na nan yadda yake abin ciki ya rame.

Bari in faɗi tawa kwaɓar. Ina da ɗabi'ar jera tallace-tallace na sati guda su riƙa fita da kansu. Na jera wata tun ƙarshen Yulin 2024 na manta da ita, leshi ne mai tsada da rubutu "kayan manyan mata, fito ki haska, ba na kowa da kowa bane". Bata tashi fita ba sai safiyar 1 ga Agusta, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, mutane na kan titi suna ihun yunwa, kafin dare an sa dokar hana fita a Kano. Kai jama'a, zagin da muka sha ranar ko ɗan siyasa sai haka. Wata ta rubuta "Allah ya isa, mu muna neman na masara ku kuna haskawa", kuma har ga Allah ban ga laifinta ba. Na goge na kira Hajiya ina bata haƙuri, tace "ɗana ai ko a gidan makoki ana cin abinci, amma ba'a tauna da ƙarfi". Tun ranar kafin in saki kowace talla sai na fara sauraron labaran safe.

Su kuwa 'yan siyasar, in dai talla ce mu yara ne a wajensu. Kalma ɗaya tak, canji, aka saida ta ga ƙasa guda a 2015. Jar hula kaɗai ka hango daga nesa ka san ko na waye ba sai an rubuta suna ba, kamfanoni miliyoyi suke kashewa su samu irin wannan basu samu. Tsintsiya, lema, kwandon kayan marmari, ga waƙa ga taliya da sabulu na ɗanɗano. Bambancinmu da su dai, ni in atamfa ta zuba ana dawo min da ita gobe da safe, nasu kayan sai bayan shekara huɗu, shi ma in an samu rasit. Kuma da kamfe ya kankama mu ƙanana sai mu koma gefe, masu buga fosta basa kallonka, filin rediyo ya yi tsada, allunan titi duk fuskokinsu ne.

Da safen nan na kira Hajiya nace ga shawara, mu dawo da rubuta farashi amma da kwanan wata a jiki, kuɗin yau ne gobe sai yadda ta yiwu, mu fara yanka rabin turmi ga mai so, mu buɗe biya kaɗan-kaɗan irin na adashe ga waɗanda muka sani, kalmar manyan mata kuma a ajiyeta tukuna. Rabin turmin ne bai mata daɗi ba, tace ita tunda take bata taɓa sa almakashi a turmi ba, amma zata duba. Na ɗauki hotuna huɗu na gyara, na rubuta kwanan wata, ina shirin dannawa sai ga kiranta, "ɗana dakata kar ka saka tukuna, bari yaron nan ya dawo daga Kwari mu ji yadda aka tashi yau."