Yadda Na Koyi Gane Tsiron Waldmeister a Dajin Gotingen

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da nake karatu a Gotingen da ke ƙasar Jamus, na shiga dajin da ke gabas da garin domin neman wani ɗan tsiro da Jamusawa ke kira Waldmeister, wanda masana tsirrai suka sani da Galium odoratum. An gaya mini cewa ƙamshinsa ne shaidarsa, saboda haka na dogara da hancina, na yini ina tsinkar ganye ina sansanawa, amma na koma gida hannu rabbana.

Bayan mako guda wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta san dajin tun tana yarinya, ta raka ni. Ba mu yi nisa ba ta tsaya a inuwar manyan itatuwan da suke kira Buche, ta nuna mini wani koren shimfiɗi da na tabbata na ratsa shi a zuwana na farko. Ta hana ni kai ganyen hanci, ta ce in fara murza karan tsakanin yatsuna. Da na murza sai na ji kusurwa huɗu sarai, kuma santsi gare shi. Ganyayen sirara ne masu tsini, sun kewaye karan a kowace gaɓa kamar tauraro, galibi shida zuwa takwas, hawa bisa hawa. Tsayin tsiron duka bai cika wuce santimita 30 ba, kuma da wuya a same shi tilo, domin saiwarsa rarrafe take yi a ƙarƙashin ƙasa tana tsiro da sababbi har su rufe wuri. Idan Mayu ta kama yakan fitar da ƙananan fararen furanni masu kunnuwa huɗu.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne danginsa. Akwai wanda ganyensa ke da irin wannan tsari amma yana maƙale wa tufafi kamar ƙarangiya, wannan kam hannu yana taɓa shi zai tona asirinsa. Akwai kuma Galium sylvaticum, mai son inuwa shi ma, sai dai ya fi tsayi, karansa zagayayye ne, korensa kuma ya ɗan ja zuwa shuɗi. Sau biyu ya ruɗe ni kafin yatsuna su saba.

Game da ƙamshin kuwa, a nan kuskurena yake. Sinadarin da ke ba da shi, wato kumarin, a ɗaure yake cikin ɗanyen ganye, ba ya fita sosai sai ganyen ya yi yaushi. Na saka 'yan rassa a aljihu, kafin magariba rigata ta ɗauki wani ƙamshi mai sanyi irin na ciyawar da aka yanka aka shanya.

Dattijuwar ta ja mini kunne cewa yawansa yana kawo ciwon kai, shi ya sa ake tsinkarsa kafin ya yi fure, kuma ba a wuce kimanin giram 3 a lita guda ta abin sha idan za a jiƙa shi. Su Jamusawa a giyar watan Mayu suke jiƙa shi. Ni a ruwan tuffa na jiƙa nawa na minti ashirin, na tsame, na kai mata kofi guda ta ɗanɗana.