Na Je Badun Lokacin Fitowar Dodanni

Da la'asar muka bar Kano, muka bi ta Kaduna da Mokwa, muka haye gadar Jebba, washegari muka shiga Badun. Na sauka a Sabo, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916. Watan Yuni ne, lokacin da gidajen Yarbawa ke fito da egungun, dodannin da suke ɗauka kakanninsu ne suka dawo ziyara.

Mai masaukina ya ja mini kunne: "Malam, ka tsaya bakin titi, kada ka shiga lungu." Ya yi gaskiya. In ayarin dodanni biyu suka yi kiciɓis a lungu, magoya baya kan kaure da faɗa, ɗan kallo ne ke shan bulala don ba shi da wajen gudu.

A kusa da Mapo, a tsakiyar tsohon garin, na ga dodon farko. Kafin ya bayyana sai da muka ji gangunan bata, sannan samari riƙe da tsumagun itacen atori suna share hanya. Aikinsu kada kowa ya taɓa rigar. Ita kuwa rigar abin kallo ce. Daga ciki akwai saƙi da ya rufe jiki ruf, da safar hannu da ta ƙafa, da raga a fuska wadda yake gani ta cikinta. Daga waje falle-fallen yadi ne, karan-miski da atamfa, an yi musu baki mai haƙori-haƙori, suna rataye tun daga ka har ƙasa. Gidan da ya mallaki dodon kan ƙara sababbi a kan tsofaffi, shi ya sa ake gane arzikin gida daga nauyin rigar. In ya juya da ƙarfi sai fallayen su buɗe kamar laima, iskarsu ta bugi fuskar mutane, su kuma albarka suka ɗauke ta. Babban abin kunya shi ne fatar mai rigar ta bayyana, ko wani ya ambaci sunansa.

Yara ne suka fi ɗaukar hankalina. Wani yaro da bai wuce shekara biyar ba ya cusa kai cikin zanen uwarsa, jikinsa na ɓari, amma ido ɗaya na waje. Da dodon ya yi magana da muryar nan mai gurnani sai ya ƙwalla ƙara. Da ayarin ya wuce kuma, shi ne mai jan hannunta su bi baya. Ina ganin rashin fuskar nan ne ke korar yaro, shi ne kuma ke jawo shi.

Oloolu, dodon da ya fi kowanne kwarjini, sai a Yuli yake fitowa daga unguwar Ode Aje, kuma mace ba ta ganinsa. Ana sanar da hanyoyin da zai bi, mata su kulle shaguna da wuri. Duk mai son ɗaukar hoto sai ya fara neman izinin masu tsumagu, ya kuma tanadi canji a aljihun gaba, don dodo kan tsaya gaban mutum ya yi masa addu'a, sai an miƙa wani abu ya wuce.