Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Allurar wata

Makon jiya na tsaya inda muka iso Yamai da Yaya, bayan tafiyar kusan kilomita 550 daga Tawa, shatin mari a idon sawunsa bai baje ba. "Hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame," in ji Baffa. Da wannan magana aka bar shi a turu damina ta zo ta wuce, ana ta hayaƙi da rubutun sha, wasu na cewa sammu ne, wasu iskoki.

A Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babbar asibitin ƙasa, aka gaya mana sunan cutar, sikizofireniya. Takan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na da ita. Muryoyin da Yaya ke ji, a kunnensa na gaske ne. Gardama da shi ba ta kore su, tsoro take ƙara masa.

An sa shi kan Haldol. Maganin ba ya aiki rana guda, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6. A nan gidaje da yawa ke faɗuwa. Kwanakin farko wuya kan sandare, ido ya kafe sama, yawu na zuba, hannu na rawa, sai dangi su ce ga aljanun sun tashi, su zubar da ƙwayoyin. Illar maganin ce, likita kan rage shi ko ya haɗa da wani magani, Artane, ta kwanta. Amma in zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki, asibiti nan take. Da Yaya ya fara ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, aka mai da shi kan allura duk mako 4. Inna ke lissafinta da tsayuwar wata.

Rangwame, in ji Baffa. Shi ne kuma ya yi shiru ranar da aka zo karɓar kayan sa ranar Hajara, 'yar gidanmu, wai ba a aure a gidan da ke da taɓin hankali. Wannan ya faru shekaru bayan Yaya ya koma kan kekensa na ɗinki, yana jan sallah a masallacin unguwa. Har yau abin na ci mini rai.

Ciwon ya tashi sau ɗaya, da wani ya ce masa ya warke ya daina allura. Alamar farko rashin barci ce: dare biyu, uku yana zagaya tsakar gida, ya ƙi tuwon da ba a gabansa aka kwashe ba. In kun ga haka kada ku jira ranar da aka ba ku, kuma ku raba shi da tiramol da wiwi. Zancen Hajara da abin da Inna ta faɗa wa Baffa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.