Talata: jadawalin jarrabawa da fostar Farfesa

Laccar ƙarfe takwas ba ta yiwu ba, malamin ya aiko cewa yana taron sashe, don haka na wuce ofishin shafin intanet na jami'a, inda nake taimakawa, tun kafin lokacina. A ƙa'ida sha ɗaya nake shiga, in fita idan lacca ta kira ni, in dawo bayan azahar. Haka aka tsara wa ɗalibi mai taimakawa: karatu a gaba, aiki ya cike gibin da ke tsakani. A takarda ke nan. Amma da jarrabawa ta matso, aikin kan cinye gibin har ya soma lasar karatun.

Hazo ya rufe gari, kuma babu wuta. Inbata ce ke ɗauke da kwamfutocin, saboda haka an hana kunna babbar firinta da tukunyar shayi. Oga yana zaune da rigar sanyi, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ka zo a daidai. Buɗe imel, jadawali ya iso."

Na buɗe, na ga abin da nake tsoro. An buga jadawalin jarrabawar a kwamfuta, an fitar da shi a takarda, an sa hannu, an buga hatimi, sannan aka yi sikanin takardun aka turo mana. Shafi tara, nauyinsa ya haura megabait ashirin, wasu shafukan ma a karkace. Wanda bai san aikin ba zai ce ai shi ke nan, a ɗora shi kawai a tafi. To amma wannan ba rubutu ba ne, hoton rubutu ne. Ɗalibi ba zai iya neman lambar kwas ɗinsa a ciki ba, sai dai ya yi ta buɗa hoton da yatsu biyu yana bin layi har ya ɓace masa. Mai 'yar datar da ba ta fi ta kwana ɗaya ba zai ƙone ta kafin ya ga ranar takardarsa ta farko. Su kuwa ɗalibanmu masu larurar gani, waɗanda ke dogara da TalkBack a waya ko NVDA a kwamfuta don a karanta musu abin da ke allo, babu abin da za su ji, domin manhajar ba ta ganin harafi ko ɗaya a wurin. Sai sun nemi wanda zai karanta musu, alhali an ce an sa jadawali a intanet don kowa ya duba da kansa.

Na kira sakatariyar tsangayar.

"Hajiya, barka da aiki. Daga ofishin shafin intanet ne. Don Allah ko za a taimaka mana da ainihin fayil ɗin, wanda aka buga a Excel?"

"Ɗana, wanda ke da sa hannu da hatimi ai shi ne na gaskiya. In na ba ku wancan, gobe wani ya sauya rana ya watsa a WhatsApp, wa za a kama?"

Gaskiyarta kuwa. Duk wanda ya zauna a zauren WhatsApp na aji ya san yadda jadawalin bogi ke yawo a irin wannan lokaci, kuma hatimin nan shi ne abin da take kare kanta da shi. Na ce mata za mu sa duka biyun: jadawalin da ake iya bincikawa a sama, kwafin mai hatimi a ƙasansa bayan mun rage masa nauyi. Ta yi jim, ta ce, "To bari in faɗa wa jami'in jarrabawa." Kafin sha ɗaya fayil ya shigo.

Nan ne aikin da na fi so ya fara. Jadawali mai ginshiƙi takwas yana da kyau a babban allon Oga, amma a waya sai ya fice ta gefe, mutum ya ga rana da lokaci, bai ga ɗakin jarrabawa ba. Na wargaza shi, na jera kwana-kwana, kowane aji da nasa, ta yadda lambar kwas da lokaci da ɗaki za su zauna a wuri ɗaya ba sai an ja allo hagu da dama ba. Na gwada a tsohuwar Tecno ɗina da datata, ba da intanet ɗin ofis ba. Wannan al'ada ce da na ɗora wa kaina, kuma ina ganin ita ce babban amfanina a ofishin nan. Oga ya fi ni sanin aiki nesa ba kusa ba, amma shi a kan kujera yake duba shafin, da allo mai faɗi da intanet mai gudu. Ni kuwa irin wayar da ɗalibai ke riƙe da ita nake riƙe da ita, a layin rajista ɗaya muke tsayawa, kuma takardata ta ranar Litinin tana cikin jadawalin da nake gyarawa. Idan abu ya wahalar da ni, na san ya wahalar da dubbai.

Ba ni da ikon wallafawa. A WordPress ɗinmu, manhajar da muke sarrafa shafin da ita, matsayin da aka ba ni na shiryawa ne kawai, sai Oga ya duba ya danna. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, yanzu kuwa na fi son hakan. Ya karanta, ya ce rubutun toka-toka da na sa wa lokutan ya yi haske da yawa a kan fari. Akwai ma'aunin da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta gindaya, cewa bambancin hasken ƙaramin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1, kuma Oga ba ya ɗaga ƙafa a kansa. Muka ƙara masa duhu, ya wallafa.

Ban kai ga miƙewa ba sai ga wani ƙaramin malami daga tsangayar aikin gona da saƙon Farfesansu, wanda zai gabatar da laccar nan ta kama kujerar farfesa mako mai zuwa. Ana son fosta mai girman A3, da fileks na bakin ƙofa, da ƙaramin hoton da za a watsa a Facebook. Taken laccar kaɗai layi uku ne. Ga hoton Farfesa, ga na shugaban taro, ga na babban baƙo, ga na uban taro, ga sunaye kowanne da jerin muƙamai da digirori.

"Malam, in duk suka shiga, ranar da wurin taron za su zama ƙanana," na ce.

"Ka dai san yadda za ka yi. Kada ka cire kowa."

Ban cire kowa ba. Jerin sunayen manya ba hurumina ba ne, kuma wanda zai zo sama da wanda zai biyo baya magana ce da ta fi ƙarfin ɗalibin aji uku. Oga ne ya karɓi wannan ɓangaren, ya kira ofishin hulɗa da jama'a suka tabbatar da jerin. Abin da na iya shi ne na roƙi a bar hoto ɗaya babba, sauran su koma ƙanana a layi guda, rana da lokaci da zaure kuma su samu wurinsu a fili, tunda su ne abin da mai wucewa zai nema.

Hoton Farfesan kuma daga WhatsApp aka ciro shi, an tura an sake turawa har ya gaji. A waya lafiya lau yake. A takardar A3, mai faɗin milimita 297 da tsawon 420, inda ake son ɗigo 300 a kowane inci, fuskar za ta fito dishi-dishi. Fileks yana yafe irin wannan, tunda daga nesa ake kallonsa, amma fostar da za a manna a allon sanarwa mutum ya tsaya gabanta ba ta yafewa. Na roƙi Malam ya sa a turo hoton a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada manhajar ta matse shi. Tambarin jami'a kuwa muna da na asali, wanda ake iya faɗaɗawa ya cika bango ba tare da ya fashe ba, don haka na ajiye wanda ya zo da shi ban ce komai ba.

Na fita lacca ta sha biyu, na yi azahar, na sayi ɗanwake a bayan tsangaya na ci a tsaye.

Da na dawo sai aka ce a yi fostar da Hausa ma, domin an gayyaci manoma da masu unguwanni daga ƙauyukan da Farfesa ya yi bincikensa. Na ji daɗin wannan, sai dai na san abin da ke jirana. Samfurin haruffan da na zaɓa wa taken, mai kauri da kwarjini, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Duk inda suka zo, ko dai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani samfuri ya tsaya a tsakiyar kalma sirit kamar baƙo a gidan biki. Masu zane da yawa a gari kan share ƙugiyar kawai su wuce, ko su zana ta da hannu. Ni na koma kan Noto Sans na Google, mai ɗauke da su duka har da manyansu. Andika da Charis na SIL ma suna da su, kuma duk kyauta ne. Wannan sauyin ya sa sai da na sake fasalin fostar Turancin don su yi kama da juna, wanda ya ci min kusan awa guda da ban tanada ba.

Ana cikin haka Hajiya ta kira: an sauya ɗakunan takardu biyu. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na rubuta ranar sabuntawa a saman shafin, Oga ya danna, ita kuma ta ce sabon kwafi mai hatimi sai gobe.

Bayan la'asar Oga ya ba ni kuɗin adaidaita sahu in kai aikin maɗaba'a in ga gwaji da idona. Dalilin zuwan shi ne launin kore. Allo da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, shi kuwa injin ɗab'i tawada huɗu yake cakuɗawa, kuma koren da ke walƙiya a kwamfuta yakan fito a takarda a dushe. Launin jami'a ba abin wasa ba ne, manya suna lura da shi fiye da yadda suke lura da kuskuren rubutu.

Mai maɗaba'ar ya sa filas ɗina, ya ce, "Ɗalibi, wannan Corel ɗin naka ya fi nawa sabunta. Sauke min shi zuwa X7."

"Na zo da PDF ma, maigida."

"To madalla. Ka mai da rubutun zane?"

Na mayar tun a ofis. A CorelDRAW, manhajar zanen da nake aiki da ita, danna Ctrl da Q ne kawai, haruffa su zama zane, ta yadda ko kwamfutarsa ba ta da samfurin, ƙugiyoyina ba za su ɓace ba. Ya duba gefuna ya ga na bar rarar milimita uku saboda wuƙar yanka, ya gyaɗa kai. Gwajin farko koren ya karkata zuwa shuɗi. Ya ƙara rawaya kaɗan, muka fita waje muka duba a hasken rana duk da hazon, na ɗauki hoto na tura wa Oga, duk da mun san hoton waya ba shaida ba ce a maganar launi. Ya amsa da cewa in yarda da idona. Wannan ne karo na farko da ya faɗa min haka.

A hanyar dawowa na tuna da yaran SIWES biyu da ke teburin gefena, wato ɗaliban da aka turo koyon aiki a aikace, masu cike littafin rahotonsu kowace Juma'a. Tsarin nasu tun 1973 hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa shi, yana da wata da ranar ƙarewa da maki. Nawa ba maki, ɗan alawus ne da bai wuce kuɗin data da mota ba. Abin da nake tarawa shi ne fayil ɗin ayyukan da zan iya nuna wa mai ɗaukar aiki, kuma na lura fostoci ne ke burge mutane a ciki. Ba wanda zai kalli jadawalin jarrabawa ya ce sannu da ƙoƙari, ko da yake shi ne aikin yau da ya fi kowanne yawan masu amfani da shi.

Gobe da safe akwai hotunan bikin rantsar da sababbin ɗalibai, sama da ɗari a katin kyamara, kowanne ya kusa megabait takwas. Sai na zaɓi goma sha biyu, na rage su zuwa ƙasa da kilobait 200 a tsarin WebP mai rage nauyin hoto, na rubuta wa kowanne bayanin abin da ke cikinsa saboda masu manhajar karatu. Fileks ɗin kuma mai maɗaba'a ya ce ƙarfe goma, wanda a bakinsa yana nufin bayan azahar. Ina da gwajin kwas ɗin rumbun bayanai ranar Alhamis, kuma babi biyu ban ko buɗe su ba.