Godiya ga waɗanda suka tsaya mini lokacin da magana ta ɗauke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mini lafiya har na zauna ina wannan rubutu. Da yawanku kun yi ta aiko da saƙo kuna tambayar jikina tun bayan rasuwar Baba, kuka ji shiru. Ga amsarku yau gaba ɗaya, kuma a rubuce, domin a rubuce bakina ya fi sakewa.

Na kusa sun san yadda aka yi. Zaman makoki ya zo a tsakiyar zafin Afrilu na Garwa a arewacin Kamaru, gida cike, tabarmi har bakin titi, janareta na ruri a bayan ɗaki, duk wanda ya shigo sai an yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Na daure har aka yi addu'ar bakwai, daga nan harshena ya ƙi motsi. Ina ji, ina gane kowa, amma kalma ba ta fita. Ƙarar cokali a kwano sai in ji ta har cikin haƙorana. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi hayaƙi, an yi tofi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa abin da ya sani ya kawo.

Godiyar farko ta Yaya ce, wadda ta taso daga Ngaundere ta dube ni ta ce a kai ni Yawunde a bincika. Sai Kawu, da ya biya mana ɗakin kwana a jirgin ƙasa na dare don kada a cusa ni cikin hayaniyar fasinja. Kawu, na san abin da wannan kuɗi ya ci maka, Allah ya mayar da ninkinsa.

A can an duba kai, an duba kunne, ba a sami komai ba, sai aka tura mu wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam. Ba ta fara da ni ba ma, Inna ta sa aka kira a waya, Yaya na yi musu tafinta. Inna ta ba da labarin yadda nake jera murafan kwalba tun safe ba na son a taɓa ko ɗaya, da kukan da nake yi in an canja hanyar zuwa makaranta, da yadda ba na cin tuwo in miya ta riga ta jiƙa shi. Bayan doguwar tantancewa masaniyar ta ce otizim ne, wato galahanga. Na rubuta mata a takarda: "Madam, ai wannan na yara ne, ni kuwa na haura talatin." Ta ce ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana shi dalla-dalla, Leo Kanner, a 1943, yara 11 ya yi rubutu a kansu, shi ya sa aka daɗe ido na kan yara kawai, alhali yaran nan girma suke yi su zama magidanta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi.

Wannan baiwar Allah ita ce na rasa bakin gode mata. Ranar da muka fara zama ta kashe fitilar nan mai tsuwa, ta ja kujerarta gefena, ta ce, "Malam, ba sai ka kalle ni ba, kuma ka ci gaba da jan carbinka." Ban taɓa shiga ofis aka ce mini haka ba. Tare muka gano dalilin da ya sa ba wanda ya lura tsawon shekaru. A wajenmu yaron da ba ya haɗa ido da manya mai ladabi ne. A makarantar allo kowa rangaji yake yi yana karatu, nawa bai fita daban ba. Mai murza carbi yini guda kuwa sai dai a ce Allah ya ƙara imani. Amma gaisuwa haddace ta na yi kamar hadda, murmushi ma koyonsa na yi, kuma duk bikin da na je sai na dawo na kwanta cikin duhu da ciwon kai. Ta ce wannan ɓoye kai yana cin ƙarfin mutum a hankali, ranar da nauyi ya yi yawa sai komai ya tsaya cak.

Ba ta taɓa cewa za ta warkar da ni ba, ta ma faɗa ƙarara cewa babu ƙwayar da ke cire otizim. Hanyar da take bi ta samo asali ne daga masu otizim ɗin kansu a ƙarshen shekarun 1990, cikinsu har da Judy Singer ta Ostireliya: ƙwaƙwalwar mutane ba iri ɗaya aka halitta ba, don haka a gyara wa mutum wurin zama da tsarin yini yadda zai iya rayuwa. Ni dai ba na cikin masu cewa abin baiwa ce zalla. Akwai gidajen da ke riƙe da babba wanda ba ya magana sam, ba ya iya wanka da kansa, wahalarsu ta fi tawa nesa ba kusa ba, kuma su ma sun cancanci a taimake su ba tare da ɗauri ko duka ba.

Da muka dawo Garwa muka ci gaba da zama da masaniyar ta WhatsApp, sai ta ce a sa maiɗakina a ciki. Ta kawo mana maganar wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, shi ma mai otizim, da ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda na kasa karanta mutane, haka su ma suka kasa karanta ni. Ashe shirun da nake yi in na dawo daga shago, uwargida ta ɗauka kishiya nake nema! Yanzu in na shigo tana ba ni lokaci har a kira magariba. In kuɗin cefane take so sai ta ce kuɗin cefane, ta bar cewa "yau kifin Binuwai ya yi kyau a kasuwa" tana jiran in gane. Ni ma na koyi buɗe baki in ce "gajiya ce, ba fushi ba", in kuma tambaye ta yadda ta yini. Uwargida, haƙurinki Allah kaɗai zai biya.

Malam limamin unguwarmu, Allah ya ƙara girma. Ka bar mini ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ka sa aka rage lasifikar ciki, kuma ka faɗa a gaban jama'a cewa addu'a da zuwa wurin likita ba sa karo. Goggo har gobe tana nan a kan iska ce, amma ta daina hayaƙi a ɗakina, kunun gyaɗarta kuma bai taɓa yankewa ba. Na gode, Goggo. Ɗan'uwan da ya ce rigakafin da aka yi mini ina jariri ne sila, na san ƙauna ce ta sa, sai dai binciken 1998 da ya haifar da wannan zance mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. A ci gaba da kai yara rigakafi.

Na koma shagon gyaran waya, daga safe zuwa azahar, yaron shagona da ya riƙe amana yana ƙarasa yamma. In kun gayyace ni biki zan zo ɗaurin aure, a shafa fatiha da ni, in tafi kafin makaɗa su iso. Saƙo ya fi mini kira sauƙi. Masu wayoyin da suka daɗe a wurina ku zo ku karɓa, duk an gyara, kuɗin aiki na yafe. Allah ya saka wa kowa da alheri.