Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jif ɗin da ta zo da ciwo uku

A makon jiya na tsaya a inda Oga ya fara barina in shiga ƙarƙashin mota ni kaɗai, bayan shekara biyu ina wankin sifana da miƙa kayan aiki. Yau zan ba ku labarin motar da ta sa na fara ganin kaina a matsayin bakanike.

Da hantsi aka kawo ta. Jif ce babba mai jan ƙafa huɗu, ta kwana biyu amma jikinta tas, kana gani ka san mai ita yana ji da ita. Dattijo ne marar yawan magana. Bayan sun gaisa da Oga sai ya lissafa damuwarsa guda uku. Sitiyari ya yi tauri, yana kuka in za a karya kwana. Gaban motar yana ƙwanƙwasa in an faɗa rami ko an taka birki da ƙarfi. Sannan allurar zafi tana hawa in aka daɗe a cunkoso. Ya ƙara da cewa wata huɗu da suka wuce an canza masa famfon sitiyari a wani wuri, kukan ya ɗauke na mako biyu, ya dawo.

Oga ya juyo ya dube ni. "Zo ka duba ta. Abin da idonka ya gani za ka faɗa min, ba abin da zuciyarka ta raya maka ba."

Gabana ya faɗi, amma daɗi ya fi tsoron yawa. Na ɗaga bonet, na fara da robar man sitiyari. Man ya sauka ƙasa da layin ƙarshe, ya yi duhu, ga kumfa a samansa. Wannan kam na riga na sani: in mai ya yi ƙasa, famfo yana zuƙar iska tare da shi, iskar ce ke kawo kukan, ita ce kuma ke sa sitiyari ya riƙa tauri yana saki. Na shiga rami da tocila, na ga rak ɗin sitiyari, wato dogon ƙarfen da ke tura tayoyin gaba hagu da dama, sharkaf da mai, ƙura ta manne masa. Ban tsaya wata-wata ba na fito na ce, "Oga, rak ne ya tafi, shi ke zubar da mai."

Bai yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi min: "Ka taɓa ganin mai ya hau sama?" Na ce a'a. Ya ce, "To inda ka gan shi masauki ne. Je ka nemo inda ya taso."

Ya sa na wanke wurin gaba ɗaya, na goge da tsumma har ya bushe. Na zame robar da ke rufe bakin rak hagu da dama, na ga cikinsu a bushe ƙayau. Da a ce sil ɗin rak, robar da ke tare mai a cikinsa, ne ya mutu, a nan man zai taru. Muka ƙara mai, Oga ya tayar da injin, ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya riƙe na daƙiƙa biyu zuwa uku kawai, domin a wannan lokacin ne matsin man ya fi ƙarfi, yana iya kai bar 80 ko ya wuce (bar ma'aunin matsi ne), kuma daɗewa a haka yana wahalar da famfo. Ina haska tocila sai na ga abin da idona. A kan tiyon da ke fitowa daga famfo, daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe, wani ɗigo ya tsattsafo, ya yi nauyi, ya faɗo. Na bi shi da haske. A kan tiyon lagireto na ƙasa ya sauka. Daga nan ya gangara kan ƙarfen da ke ɗauke da rak, ya bi ta gefe zuwa hannun ƙafar hagu, ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mota.

Na daɗe a wurin ina kallon hanyar da ɗigon ya bi. Kafin Oga ya yi magana na fara hango cewa ciwon nan uku uwarsu ɗaya.

Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, roba ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake yin tiyon lagireto da ita tana jure zafi da ruwan sanyaya injin shekara da shekaru, amma ba ta shiri da mai ko kaɗan. In mai ya daɗe a kanta sai ta sha shi, ta kumbura, ta yi laushi. Haka robar bushin, wadda ake sawa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe don kada su bugi juna. Da injin ya huce na matsa tiyon da hannu, sai na ji shi lagwaf kamar soso, ya kumbura kusa da kilif, ga wani farin busasshen abu ya kewaye bakinsa, alamar ruwa yana tsiyaya yana bushewa a wurin. Oga ya ɗauko famfon gwaji ya ɗaura a bakin lagireto, ya hura har bar 1.1, lambar da ke rubuce a kan murfin. Muna kallo allurar ta fara sauka a hankali, bakin tiyon ya jiƙe.

A nan ya yi min bayanin da ban taɓa mantawa ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana shi tafasa a cikin injin shi ne matsin da murfin lagireto ke riƙewa, da kuma ruwan sanyaya da ake gaurayawa rabi da rabi. Su biyun in sun haɗu sai an wuce digiri 120 kafin a ga tafasa. Tiyo yana yoyo, matsi ya tafi, ruwa yana raguwa. Dattijon kuma duk safiya ruwa zalla yake ƙarawa, bai san yana ƙara tsinka wanda ke ciki ba. A kan hanya iska tana rufa asiri, a cunkoso kuwa sai allura ta hau. Mun duba fanka, tana aiki. Mun duba baƙin mai, bai yi fari-fari ba, babu kumfa kuma da ke tasowa a bakin lagireto, wato gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, bai ƙone ba. Na ji sanyi a raina saboda mutumin, don saura ƙiris.

Sai ƙwanƙwasar. Muka ɗaga gaba da jak, muka sa mata matokara. Na kama taya sama da ƙasa na girgiza, shiru, boljoyin (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kai) da boris lafiya. Na kama hagu da dama, sai na ji ɗan wasa. Da a da ne da tuni na ce tayrod ne, sandar da ke haɗa rak da taya. Amma yanzu na koyi darasi, na roƙi Oga ya girgiza ni kuma in kalla. Tayrod bai motsa ba. Rak ɗin ne gaba ɗayansa ke zamewa a mazauninsa, domin bushin da ke riƙe shi ya narke ya zama kamar danƙo. Na sa liba a hannun ƙafar hagu na ɗan banƙara, sai babban bushin na baya ya buɗe baki, robar ta rabu da ƙarfenta. Shi ne ke barin ƙafar ta ja baya in an taka birki, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Tayar wannan gefen ma ta cinye ta ciki.

Oga ya kira dattijon ya shigo ramin da kansa, ya ce min, "Nuna wa Baba." Muryata tana ɗan rawa na nuna masa daga inda ɗigon ya taso har inda ya ƙare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ashe famfon da aka cire min lafiyarsa lau?" Na dubi Oga. Ya ce, "Ba mu gan shi ba, Baba, ba za mu yi masa shaida ba. Amma wannan da ke ciki, in an bar shi da yunwar mai, shi ma zai bi sahu." Wannan hali na Oga na ƙin zagin aikin da bai gani ba, har yau ina ƙoƙarin riƙe shi.

Aikin ya ci mana kwana biyu. Tiyon sitiyari sabo, tiyon lagireto na ƙasa da na sama da sababbin kilif, bushin rak, da bushin hannun ƙafa na gefe biyu duk da cewa na dama bai yage ba, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho motar ba za ta tsaya daidai ba. Kafin mu fitar da tsohon bushin Oga ya sa na yi alama da alli, saboda robar tana da ramuka da aka yi da gangan, kuma dole sabon ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta.

A ranar ta biyu na yi kuskure. Na mayar da hannun ƙafa, na ɗaure notinan bushin tamau motar tana rataye a sama. Oga ya zo ya sa hannu ya ji, ya ce in kwance su. Ya ce robar bushin ba ta juyawa a kan ƙusa, murɗewa take yi. In ka ɗaure ta ƙafa tana lilo, da zarar an sauke mota robar za ta zauna a murɗe dare da rana, ba za ta daɗe ba ta yage. Sai nauyin mota ya hau tayoyinta ake ɗaurin ƙarshe. Na kwance, muka sauke ta a kan rami, na sake ɗaurewa da sifana mai awo. Abin ya tsaya min a rai, domin da ya wuce ba wanda zai gane, sai bayan watanni dattijon ya dawo da ƙarar da ya biya aka cire masa.

Ragowar aikin haƙuri ne kawai. Muka zubar da tsohon man sitiyari, muka zuba irin wanda aka rubuta a murfin, na riƙa juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe tayoyi a sama injin a kashe, har kumfa ta daina fitowa. Muka cika lagireto, muka kunna hita har ƙarshe don iska ta fita, muka jira tiyon sama ya ɗauki zafi, muka ƙara ruwa. Daga nan aka kai ta aka saita ƙafa.

Da yamma Oga ya ce in shiga gaba mu gwada ta. Ya nemi hanya mai gargada da gangan, ya taka birki da ƙarfi sau uku, ya karya kwana hagu da dama. Ba kuka, ba ƙwanƙwasa. Muka tsaya minti 20 injin yana aiki, allura ba ta gota tsakiya ba. Da muka dawo ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ya ce ta kwana a haka.

Washegari ni na riga kowa zuwa. Na durƙusa na jawo kwalin, babu ko ɗigo ɗaya. Ina riƙe da shi Oga ya shigo. Ya karɓa ya juya shi gaba da baya, sannan ya zaro makullin motar daga aljihu ya miƙo min. "In Baba ya zo, kai za ka ba shi. Ka ce ya dawo bayan mako biyu mu sake duba ta."

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin dawowar dattijon, da motar da ya jawo a bayansa, wadda ya ce ba wanda zai taɓa ta sai ni.